Ina Ya Dace a Yada Zango? Dabarar Fatake da Binciken Kimiyya Kan Kwana a Bakin Ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano a tsakiyar rani, ya ratsa ƙasar Kudan da Makarfi, ko kuwa ya karkata gabas ya nufi Ikara, zai ga ƙasa iri biyu a wuri guda. A kan tudu kome ya bushe, gonaki sun koma fili, sai tushiyar kara da ƙura. Amma da zarar hanya ta gangara fadama, sai ido ya faɗa kan kore shar: rake ya yi duhu, tumatir da albasa sun jeru cikin fangali, ga madatsar ruwa tana sheƙi, balbelu na shawagi a kanta. Matafiyin da ya wuni yana tafiya a ƙasa da kaya a bayansa, in ya iso irin wannan wuri, ba abin da zuciyarsa za ta raya masa sai ya sauke kaya a bakin ruwan, ya tsoma ƙafa, ya kafa tanti a nan ya kwana.

Wannan sha'awa ba ta matafiyi ɗaya ba ce. Ɗaliban sakandare masu fita yawon nazarin ƙasa, da 'yan sikawut, da ƙungiyoyin matasa masu hawan duwatsu, duk inda aka tambaye su wurin kwana, bakin ruwa za su nuna. Malamin da ke jagorancinsu shi ke da alhakin yanke shawara, kuma shawarar ba ƙarama ba ce. Tazarar taku ɗari biyu tsakanin wurin da aka kafa tanti da wurin da ya kamata a kafa shi na iya zama dalilin cutar da yaro zai yi shekaru yana fama da ita, ko ma asarar rai a dare ɗaya.

Ƙasar da ruwa ke rabuwa biyu

Kafin a zaɓi wurin kwana, ya kyautu a san irin ƙasar da ake takawa. Yankin nan shimfiɗaɗɗen tudu ne wanda ya ɗara mita 600 bisa teku, da duwatsu jefi-jefi waɗanda suka tsiro daga ƙasa kamar an dasa su, irin su Kufena a Zariya da duwatsun Dutsen Wai ta wajen kudu. A kusa da iyakar jihohin Kaduna da Kano ne ruwan sama ke raba hanya. Wanda ya gangara kudu yana shiga kogin Galma, daga nan sai kogin Kaduna, sai Kwara, har Tekun Atlantika. Wanda ya gangara arewa kuwa yana bin kogin Kano da na Challawa, ya haɗu da na Haɗeja, ya nufi Tafkin Cadi.

Watau ke nan a nan rafuka ke farawa. Rafin da ke mafarinsa ƙarami ne, yakan ƙafe da rani, yakan kuma cika cikin gaggawa da damina. Shi ya sa tafkunan da matafiyi zai tarar a wannan yanki galibinsu aikin ɗan Adam ne: ƙananan madatsun ƙasa da aka gina don noman rani da shayar da dabbobi, da kududdufai, da ramukan da aka haƙi ƙasar hanya aka bari. Babba daga cikinsu ita ce madatsar Tiga da ke tsallaken iyaka a Jihar Kano, wadda aka kammala a 1974. Irin wannan ruwa yana da siffa uku da za su yi ta maimaituwa a bayanin da ke tafe: a tsaye yake, bakinsa ba zurfi, kuma mutane da dabbobi na shiga cikinsa kullum.

Yadda fatake ke yi

Tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ayarin fatake ke kai da kawowa tsakanin Kano da Zariya, wasunsu su zarce har Gwanja, a arewacin Gana ta yau, don sayen goro. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da takarkarai da ɗaruruwan mutane, kuma kowace rana sai madugu ya amsa tambaya guda: ina za a kwana? Kalmar zango daga wannan sana'a ta yi ƙarfi, har ta zama sunan garuruwa kamar Zangon Aya da Zangon Daura, ta kuma bi fatake har Kumasi da Akara, inda unguwannin baƙi ke amsa sunan Zongo har yau.

Ayari yakan tashi da sassafe, jagaba na gaba, a yi ta tafiya kafin rana ta yi zafi, sa'an nan a sauka tun da sauran haske mai yawa. Sauka da wuri shi ne rabin dabarar, domin da rana ne ake ganin abin da ƙasa ke ciki: ramin maciji, gidan tururuwa, reshen da ya bushe, da alamar inda ruwa ya taɓa kwanciya. Zango yakan kasance a bayan gari, a fili mai tauri, inda ruwa ke kusa amma sai an taka an ɗebo. Akwai kuma wata ƙa'ida ta tsofaffin matafiya, cewa idan aka iso rafi da damina, a ƙetare shi tukuna sa'an nan a sauka, don kada a wayi gari a tarar ya kawo ya tare hanya.

Bafulatani makiyayi ma haka yake yi. Duk ƙaunarsa da ruwa, a kan tudu yake kafa ruga, inda ƙasa ke tsanewa da wuri, ya kora shanu mashaya da rana ya komo da su. Ya san cewa dabbar da ta daɗe a cikin taɓo kofatonta na lalacewa, kiwon fadama mai laima na kawo ciwon hanta, kurmi kuma gidan tsando ne. Madugu da makiyayi ba su taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ba, amma sun ga abin da ke faruwa sun kiyaye. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne sanin dalili, kuma sanin dalilin ne ke nuna inda dabarar ta isa da inda ba ta isa ba.

Sauro

A 1897 ne wani likita Bature mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauron da ya tsotsi jinin majinyaci. Nau'in sauron da ke yaɗa cutar shi ake kira Anofilis, kuma macen ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini kafin ƙwanta ya ƙosa. Iri biyu ne suka fi addabar ƙasar Hausa. Na farko yana nasa ƙwai a ɗan ruwa mai tsabta da rana ke duka, kamar wanda ke taruwa a sawun kofaton shanu a bakin mashaya, ko a cikin fangalin da aka yi wa ban ruwa. Na biyu ya fi son gefen ruwan da ba ya ƙafewa, inda ciyawa da ƙainuwa suka yi inuwa. Bakin madatsa ya tara musu duka biyun. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 10 ba idan akwai ɗumi, don haka ko da an yi wata huɗu ba a ga digon ruwan sama ba, ƙauyen da ke bakin madatsa bai rabu da sauro ba.

Akwai binciken da ya auna wannan. A 1999 aka wallafa sakamakon wani nazari da aka yi a yankin Tigirai na arewacin Habasha, inda aka gina ƙananan madatsu irin na nan. An kwatanta yaran ƙauyukan da ba su wuce kilomita 3 daga madatsa ba da na ƙauyukan da ke da nisan kilomita 8 zuwa 10. Sai aka tarar zazzaɓi ya fi kama na kusa har ninki bakwai. Jagoran binciken, Tedros Adhanom Ghebreyesus, shi ne ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017.

A lura da waɗannan alƙaluma da kyau, domin akwai gargaɗi a cikinsu. Da kilomita aka yi awon, ba da taku ba. Sauro na bin iskar numfashin mutum da warin jikinsa, kuma tafiyar mita 100 ko 200 ba ta gagare shi ba. Abin da hawa tudu ke yi shi ne rage yawan cizo, saboda sauro ba shi da ƙarfin tashi cikin iska, tudu kuwa ya fi kwari samun iska. Amma ragewa ba hanawa ba ce. A ƙasar da, bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan, ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, ɗalibin da zai kwana a daji ba gidan sauro mai magani, gara ya zauna a gida.

Tsargiya, cutar da ba a jin shigarta

Idan sauro na zuwa inda mutum yake, tsargiya sai mutum ya je inda take. A nan ne zaɓen wurin kwana ya fi tasiri, domin yaran da aka sauke a bakin ruwa bayan doguwar tafiya cikin rana, ba malamin da zai iya hana su shiga.

Likitan nan Bajamushe Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar da ke haddasa cutar, a birnin Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, shi ma a Masar, cewa a jikin katantanwar ruwa take rainon 'ya'yanta. Ga yadda zagayen yake. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a cikin ruwa ko a bakinsa, ƙwan tsutsar ya fito tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito daga ƙwan yana da 'yan sa'o'i kaɗan ya sami wata ƙaramar katantanwa da masana ke kira Bulinus, wadda ba ta fi farcen ɗan yatsa girma ba, tana manne a bayan ganyen bado da ciyawar gefen ruwa. In ya same ta ya shige jikinta, sai ya yi ta hayayyafa har mako 4 zuwa 6. Daga nan katantanwar ta fara sakin dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya mai baki biyu, kowannensu kimanin rabin milimita. Su ne ke huda lafiyayyar fata, ba sai da rauni ba, cikin 'yan mintoci. Abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba.

A cikin jiki tsutsotsin na girma a hanta, sa'an nan mace da namiji su koma jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, su zauna suna zuba ƙwai kullum har shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye. Ƙwan ne ke yin ɓarna. Wasu na huda bangon mafitsara su fita, abin da ke kawo ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Wasu kuma na maƙalewa a cikin nama, jiki ya yi ta yaƙi da su har wurin ya yi tabo. In an daɗe ba magani, hanyar fitsari na iya toshewa, ƙoda ta lalace, akan ma kai ga ciwon daji na mafitsara. Ga mata tana taɓa mahaifa da hanyoyin haihuwa. Akwai kuma wani nau'in da ke zama a jijiyoyin hanji, wanda ƙwansa ke fita ta bayan gida, shi kuma hanta yake lalatawa. Abin takaici, a wasu ƙauyuka fitsarin jini ya zama ruwan dare har akan ɗauke shi alamar balagar ɗa namiji.

Abu biyu game da halin 'yan tsutsotsin nan ya kamata kowane jagoran ɗalibai ya riƙe. Na farko, haske ne ke sa katantanwa ta sake su, don haka sun fi yawa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da zafi ke tura yara wanka. A shekarun 1970, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Libaful ta Ingila sun yi dogon nazari a ƙasar Malumfashi, har suka riƙa zama a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna lura da wa ke shiga ruwa, da wane lokaci, da abin da ya kai shi. Abin da suka gani shi ne yara maza da samari ne suka fi daɗewa a cikin ruwan, su ne kuma suka fi ɗaukar cutar da yaɗa ta.

Na biyu, 'yan tsutsotsin ba sa cin abinci a cikin ruwa, don haka ba sa wuce kwana 2 da rai in ba su sami mutum ba. Ruwan da aka ɗebo daga madatsa aka ajiye a bokiti kwana 2, muddin ba katantanwa a ciki, ya halatta ga wanka. Mai gaggawa sai ya ɗora shi a wuta ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ya bar shi ya huce. Wannan ya shafi alwala kamar yadda ya shafi wanka da wanki, domin tsutsa ba ta san niyya ba. Ruwan rijiya mai tsabta da na burtsatse ba su da wannan matsala, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fifita sauka kusa da ƙauye mai rijiya a kan sauka a bakin tafki mai kyan gani. Ruwan sha kuwa a tace shi da ƙyalle, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. Alam ko dakakken irin zogale na kwantar da laka, amma ba su isa su kashe ƙwayoyin kwalara da taifot ba.

Da can akwai kurkunu a cikin wannan lissafi. Ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 ta gano mutum fiye da 650,000 masu fama da ita a Nijeriya. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da ita. Tace ruwa da hana mai ciwon shiga kududdufi su ne manyan makaman da suka yi wannan aiki.

Darasin Anchau

Makwabciyar Ikara ta kudu, watau Ƙaramar Hukumar Kubau, tana da tarihin da ya nuna cewa ba matafiyi kaɗai ke kuskuren wurin zama ba, gari sukutum ma yakan yi. A shekarun 1930 ciwon barci ya yi tsanani a Lardin Zariya. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, kuma irin da ke wannan yanki ba ya iya rayuwa sai a inuwa mai laima, watau cikin kurmin da ke bin bakin rafi. Masanin ƙwari T. A. M. Nash ya lura cewa rani ne ke ƙara haɗarin. Idan daji ya bushe, tsando na tattaruwa a 'yan wuraren da ruwa ya rage, su ne kuma wuraren da mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, matafiya ke hutawa. Ƙuda kaɗan a irin wannan wuri sun fi dubu a dajin da ba kowa.

A 1937 aka fara aikin da aka sani da Shirin Anchau. An sare sarƙaƙiyar bakin rafuka a wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka tashi ƙananan ƙauyuka daga cikin daji aka maido su cikin zirin, aka haƙa rijiyoyi masu siminti don kada mutane su ƙara dogara da rafi, aka kuma gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau aka sa masa suna Takalafiya. A yau ciwon barci ya yi ƙaranci ainun a Nijeriya, ko da yake sammore, ɗan'uwansa da ke kama shanu, yana nan a wuraren da tsando ya saura. Abin lura shi ne maganin da aka yi wa gari shi ne dai wanda madugu ke yi wa ayarinsa: a raba wurin zama da inuwar bakin rafi, a nemi ruwa ta wata hanya.

Sanyin kwari da ruwan da ba a ga zubarsa ba

Da hunturu akwai wani dalili na guje wa kwari. Idan dare ya yi, sama ba gajimare, ƙasa na sakin zafin da ta tara da rana, iskar da ke dab da ita ta yi sanyi. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka sai ta riƙa malala a hankali tana gangarawa kamar ruwa, ta taru a wuri mafi ƙasa. Shi ya sa hazo ke kwanciya a fadama da asuba, raɓa kuma ta jiƙa bargo. Babban tafki irin na Tiga yakan ɗan sassauta sanyin gefensa, amma ƙaramar madatsa ba ta da ruwan da zai yi haka. Ɗalibai na iya gwada wannan da ma'aunin zafi guda biyu: a rataya ɗaya a fadama, ɗaya a kan tudun da ke kusa, kowanne mita 1 daga ƙasa, a riƙa karantawa da asuba har mako guda a rubuta. Waɗanda za su hau manyan duwatsu kamar na Shere a kusa da Jos, masu tsawon fiye da mita 1,800, su ƙara da sanin cewa zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000.

Sanyi da kansa ba kasafai yake kisa a nan ba, dabarar gudunsa ce ke kisa. Shigar da kaskon garwashi cikin tanti a rufe ƙofa na tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma hana jini ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya farkawa.

Da damina kuwa lissafi kaɗan ya isa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Idan hadari ya zubar da milimita 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 10, an sami lita miliyan 300. A ce ƙasa ta shanye kashi biyu cikin uku, saura lita miliyan 100, watau cikin tankar mai guda 3,000 masu cin lita 33,000 kowace, kuma dukkansa ta rafi ɗaya zai bi cikin 'yan sa'o'i. Ba lalle ne mai kwana a bakin rafin ya ga ko walƙiya ba, tun da can sama aka yi ruwan. A gindin dutse abin ya fi sauri, domin falalen dutse ba ya shan kome, duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi ta kwazazzabo.

Rafi yakan bar shaidar inda ya taɓa kaiwa. A dubi rassan bishiyoyin gefensa, za a ga tarkacen ciyawa da karare sun maƙale, wani lokaci sama da kan mutum. A dubi ƙasa kuma: baƙar laka mai tsagewa da rani alama ce ta wurin da ruwa ke kwana, jigawa da tsakuwa kuwa na tsanewa. Sai a haura sama da alamar mafi tsawo. Ƙasan bangon madatsa kuwa ba wurin kwana ba ne ko kusa. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda da ke Jihar Kano ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ita da injiniyoyi suka gina, balle ƙaramar madatsar ƙauye da ba mai duba ta.

Hawa tudu ba ya nufin hawa ƙololuwa. Tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi kome tsawo a wuri: kan dutse, bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ko mutum a tsakiyar ruwa. Sauti na tafiyar kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka idan tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 ba, lokacin sauka daga dutse ya yi. Tsakiyar gangare, a wuri mai ɗan shimfiɗa, shi ya fi. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ƙofar tanti ta dubi yamma ko kudu. A nisanci suri da tarin duwatsu saboda kububuwa da kunama, da giginya mai 'ya'ya, da kukar da zuma ta shiga kogonta. Da kaka da rani a share ciyawa kewaye da zango kafin a hura wuta.

Tazara nawa, kuma wurin wa?

A Amurka, masu yawon duwatsu da ke kwana a bakin tafkunan kan tsauni suna da ƙa'idar barin ƙafa 200, kimanin mita 60, tsakanin tanti da ruwa. Tafkunansu masu sanyi ne, ba tsargiya, dalilinsu shi ne kare tsirran gefen ruwa da barin namun daji su sha cikin dare. A nan mita 60 ita ce mafi ƙaranci. Inda ƙasa ta ba da hali, mita 150 zuwa 200 a kan gangare ta fi, domin tana da nisan da yaro ba zai sulale ya shiga ruwa ba a sani ba, ba ta kuma yi nisan da ɗiban ruwa zai gagara ba. Kyan wurin ma bai ragu ba. Daga sama ne ake ganin tafki gaba ɗayansa, da faɗuwar rana a kansa, da tsuntsayen da ba za su sauka ba in da mutane a baki.

Ramin bayan gida ya kasance aƙalla mita 30 daga kowace rijiya ko rafi, a gefen da iska ke tafiya, a kuma rufe shi da ƙasa. Wanda ya yi fitsari a bakin madatsa yana iya barin wa yaran ƙauyen abin da ya kawo daga wani wuri.

Sa'an nan babu bakin ruwan da ba shi da masu shi. Fadamar Makarfi da Kudan gonar rake ce, ta Ikara ta tumatir ce, kuma kowane taku na wani ne. Filin da ake gani a buɗe yana gangarawa zuwa ruwa, mai tattakakkiyar ƙasa da kashin shanu, burtali ne ko mashaya. Wanda ya kafa tanti a nan zai farka garke na kansa, ko kuma ya tilasta wa makiyayi karkata shanu cikin gonar wani, a yankin da irin wannan ke iya zama rikici. Fatake ba sa sauka sai sun gai da sarkin gari. Malami ma ya fara da dagaci ko mai unguwa, domin su ne suka san inda ruwa ke da zurfi, da inda aka taɓa nutsewa, da rijiyar da ake sha. A 'yan shekarun nan kuma matsalar 'yan bindiga ta sa kwana a wasu dazuzzukan Arewa ya zama kasada. Ba a fita da ɗalibai sai da izinin iyaye da hukumar ilimi da shawarar jami'an tsaro, kuma inda aka ce a kwana cikin harabar wata makaranta a je bakin ruwan da rana, sai a yi hakan.

Aikin jagora bai ƙare da dawowa gida ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan bayyana daga kwana 7 zuwa mako 2 bayan cizo, wani lokaci fiye, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi a wannan tsakani a kai shi a gwada jininsa ba tare da jinkiri ba. Tsargiya ta fi haka ɓoyo, sai bayan wata 2 zuwa 3 ƙwai ke fara fita a fitsari, lokacin da kowa ya manta da tafiyar. Ya kamata malami ya ajiye ɗan littafi mai sunayen ɗalibai da kwanan wata da sunan duk ruwan da aka taɓa. Idan zangon karatu na gaba ya kama, a kai waɗanda suka shiga ruwa asibiti a duba fitsarinsu a madubin gwaji. Maganin, wanda ake kira farazikwantal, ƙwaya ce da ake sha a rana ɗaya, ma'aikacin lafiya ne ke ƙayyade adadinta gwargwadon nauyin yaro ko tsayinsa.